Wa Ya San Ka a Garin Nan?

Motar shanu ko ta tumatir da ta taso daga Arewa takan isa Ibadan ko Legas da asuba, kuma ba kaya kaɗai take saukewa ba. Daga samanta samari kan diro, ƙura ta yi musu fari fat, kowa da ƴar jakarsa, a aljihu kuma da guntuwar takarda mai lambar wayar wani ɗan ƙauyensu. Wanda lambar ta shiga, kakarsa ta yanke saƙa. Wanda ta ƙi shiga ma ba zai rasa ruwan alwala a masallaci ba, zai sami mai saya masa shayi da burodi, zai sami gefen tabarma a rumfar ƴan dako. Mutanenmu ba su cika barin baƙo ya kwana da yunwa ba. Wahalar takan fara ne bayan kwana uku ko huɗu, ranar da ya fita neman gadi, ko baron turawa, ko babur na haya, mai abin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “To, wa ya san ka a garin nan?”

Tambayar ba ta wulaƙanci ba ce. Mai babur ya tara kuɗinsa da gumi, mai gida kuma zai danƙa wa maigadi makullin ƙofar da iyalinsa ke barci a bayanta. A Kano ma, wanda ke son a ba shi adaidaita sahu ya riƙa biya a hankali sai ya kawo garanto, mutumin da zai sa hannu ya ajiye hotonsa da adireshinsa. Ɗan gari yana da kawu, yana da limamin unguwa, yana da abokin mahaifinsa. Baƙo ba shi da kowa, kuma gaskiyarsa, ko da ta cika buhu, ba a ganin ta a goshi. A nan ne tambaya ta addini take tasowa. Idan jama'ar unguwa sun ciyar da baƙo sun ba shi makwanci, shin sun sauke nauyin da Allah ya ɗora musu? Ko kuwa akwai saura, wato wani daga cikinsu ya ɗauki sunansa da mutuncinsa ya jingina saboda mutumin da bai sani ba?

Abin da aka fi ji a wa'azi shi ne ɓangaren ciyarwa, kuma yana da tushe mai ƙarfi. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikinsu, kuma malamai sun ce a ba shi ko da mawadaci ne a garinsu. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya sa liyafar baƙo kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne, ya kuma hana baƙon ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Bahaushe ya tattara wannan duka a kalma biyu, baƙonka annabinka. Sai dai waɗannan hukunce-hukuncen sun fi duban mai wucewa, wanda zai ɗaura kayansa ya yi gaba. Shi ya sa ake cewa baƙo raɓa ne. Ɗan ci-rani ko mai gudun hijirar yau ba raɓa ba ne, domin hantsi zai ɗaga ya same shi yana nan, kuma kwana ukun za su ƙare tun bai san hanyar kasuwa ba.

Madina ta fuskanci irin wannan baƙon a shekarar 622. Mutanen da suka baro Makka ba su zo da niyyar komawa gobe ba, sun bar gidaje da dukiya, yawancinsu ƴan kasuwa ne da suka faɗo garin manoman dabino. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsaya a kan tara musu abinci ba. Ya haɗa su bibbiyu, Muhajiri da Ba'ansare, ya ƙulla ƴan'uwantaka a tsakaninsu, mai ƙarfin da har gado suka riƙa ci kafin a shafe wannan hukuncin daga baya. Ma'anar abin a aikace ita ce kowane baƙo ya sami amsar tambayar nan ta mai babur. Akwai wanda ya san shi, da suna, da gida.

Labarin Abdurrahman bin Auf sananne ne, amma akan tsaya a rabinsa. Ɗan'uwan da aka haɗa shi da shi, Sa'ad bin Rabi'i, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Aka nuna masa ta Banu Ƙainuƙa'a, ya dawo da ribar cuku da man shanu, ba a jima ba ya yi aure da sadakin zinariya mai nauyin ƙwallon dabino. Masu wa'azi kan ciro darasin dogaro da kai daga nan, kuma sun yi gaskiya. Abin da ake mantawa shi ne, Abdurrahman bai shiga kasuwar a matsayin wanda ba a san asalinsa ba. Ya shiga ne yana ɗan'uwan ɗaya daga cikin mawadatan Ansar. Ya mayar da kyautar dukiya, amma bai mayar da sunan ba, kuma duk wanda ya taɓa neman a ba shi kaya bashi a kasuwar da ba a san shi ba ya san wanne ya fi tsada a cikin biyun.

Alƙur'ani ma ya ba da labarin mai neman aiki a baƙon gari. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya isa Madyana yana gudun kisa, ba guzuri, ba masani. Ya shayar wa mata biyu dabbobinsu a bakin rijiya, ya koma inuwa yana roƙon Ubangijinsa. Abin da ya buɗe masa ƙofa, kamar yadda Suratul Ƙasas ta kawo, shi ne ɗayar matan ta shaida wa mahaifinta ƙarfinsa da amanarsa, ta ba da shawarar a ɗauke shi aiki. Daga shaidarta aka sami yarjejeniya mai wa'adi bayyananne, shekara takwas, ko goma idan ya so. Annabi guda, sai da wani ya ce ya ga halinsa.

Akwai wanda ya fi wannan ratsa zuciya. Lokacin da Manzon Allah ya dawo daga Ɗa'ifa bayan an jefe shi, bai iya shiga Makka kai tsaye ba, domin baffansa Abu Ɗalib mai kare shi ya rasu. Ya aika neman wanda zai ba shi kariya, aka ƙi, har Muɗ'im bin Adiyyi ya amsa. Muɗ'im mushriki ne, a kan shirkarsa ya mutu, amma ya sa ƴaƴansa suka rataya makamai suka raka Annabi har Ka'aba. Bayan yaƙin Badar, Annabi ya ambace shi, ya nuna cewa da yana raye ya roƙi a saki fursunonin, da an sakar masa su. Mai tsayawa baƙo yana da wannan matsayin a idon Musulunci ko da addininsu bai zo ɗaya ba.

Hausawa sun gina wannan fahimtar a cikin tsarin zamansu tun zamanin fatake. Duk inda hanyar goro ko ta shanu ta ratsa, zango ya tsiro, a Salaga, a Kumasi, a Akara inda Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Wanda ya fi zayyana yadda abin ke aiki shi ne wani masani, Abner Cohen, da ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960. An ware Sabo a matsayin unguwar Hausawa a 1916, kuma abin da Cohen ya tarar shi ne ginshiƙin unguwar masu gidaje ne. Falke ya zo da shanu daga Arewa, ya sauka gidan mai gidansa, a ba shi ɗaki da abinci. Dillalan mai gidan su nemo mahauta, akasarinsu Yarbawa, a sayar musu da shanun bashi. Falken bai san mahaucin ba, bai jin yarensa, ba takarda, ba banki. Mai gida ne ya san wanda ke biya da wanda ke taurin bashi, kuma idan mahauci ya gudu, mai gida ne ke cika kuɗin daga aljihunsa, in ba haka ba labari ya kai Arewa, fatake su ƙaurace wa gidansa. Kuɗin la'ada yana shiga, gaskiya ne, wannan sana'a ce. Amma a inuwar sana'ar ne yaron da ya zo hannu rabbana yake samun aikin kai saƙo, ya zama yaron dillali, ya zama dillali, wataƙila wata rana ya gina nasa gidan baƙin.

Kada a yi wa tsarin kwalliyar da ba tasa ba. Mai gida yana iya danne yaronsa shekara da shekaru, yana iya hana shi aure ko jari don kada ya tashi. Zango kuma ya fi buɗe ƙofa ga wanda ya zo da harshe ɗaya da alƙibla ɗaya. Mafi munin misali shi ne abin da kalmar kafala ta koma a ƙasashen Larabawa. A fikihu, kafili shi ne mai ɗaukar nauyin wani, mai lamuni. A tsarin ɗaukar ma'aikata na Saudiyya da maƙwabtanta, iznin zaman ma'aikaci ya rataya a wuyan kafilinsa, har ta kai wasu na riƙe fasfo, suna hana sauya aiki ko komawa gida. Saudiyya ta sassauta dokar a watan Maris na 2021, amma sassaucin bai shafi masu aikin gida ba, kuma cikinsu akwai matan ƙasar Hausa da yawa. Igiyar da aka jefa wa mutum don ya fito daga rijiya ita ce aka mayar dabaibayi. Wannan ya isa ya nuna dalilin da ya sa yarjejeniyar Madyana ta zo da wa'adi, da zaɓi a hannun ma'aikaci, da alƙawarin ba za a tsananta masa ba.

Turawa sun bi wata hanyar. A 1884 aka buɗe Toynbee Hall a gabashin Landan, sannan a 1889 Jane Addams da Ellen Gates Starr suka buɗe Hull House a Chicago, a unguwar da Italiyawa da Girkawa da Yahudawan gabashin Turai suka cika. Akwai ajin koyon Turanci, da wurin renon yara don iyaye mata su je aiki, da wurin wanka, da taimakon neman aiki. Addams ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1931. Daga irin waɗannan gidajen ne aikin kula da jama'a na zamani ya samo asali, kuma yana da falalar da zango ba shi da ita. Ofis ba ya tambayar ƙabilarka, ba ya neman ka zama yaron kowa, kuma idan aka zalunce ka akwai inda za ka kai ƙara. Sai dai abin da ya bambanta Hull House da yawancin jikokinsa shi ne Addams a cikin unguwar take kwana. Ta san maƙwabtanta da suna. Ma'aikacin da ke zuwa da safe ya tashi da yamma zai iya gyara wa baƙo takardar neman aiki, ya koya masa yadda ake amsa tambayoyi, amma ƙa'idar aikinsa ba ta ba shi damar cewa, “Ku ɗauke shi, in ya ɓata ni ne.”

An ga wannan giɓin ƙarara a New York. Daga 2022 zuwa 2024 baƙi sama da 200,000 suka shiga birnin, cikinsu har da dubban samarin Senegal da Gini da Muritaniya da suka bi ta Nikaragwa suka haura ta ƙasa. Birnin yana da wajibcin ba marar gida makwanci tun wata yarjejeniyar kotu ta 1981, kuma ya kashe maƙudan kuɗi, har ya mayar da otal ɗin Roosevelt wurin karɓar baƙi. Amma dokar tarayya a lokacin ta ce mai neman mafaka sai ya yi kwana 150 da shigar da takardunsa kafin ya nemi iznin aiki, kuma ba a ba shi kafin kwana 180. A 2023 kuma birnin ya taƙaita zaman manya marasa iyali a matsuguni zuwa kwana 30. Gado na wata guda, jiran aiki na wata shida. A tsakanin nan, masallatan ƴan Afirka ta Yamma a Bronx da Harlem ne suka shimfiɗa darduma, kuma a sahun sallah ne saurayi ke jin wa ke neman mai wanke-wanke, wa zai ara masa keken kai abinci.

Ko kafin wannan, gobarar da ta tashi a wani dogon bene a Bronx ranar 9 ga Janairun 2022, wadda ta kashe mutum 17, takwas daga cikinsu yara, ta fito da wani tarihi da ƴan birnin ba su sani ba. Yawancin mamatan ƴan asalin Gambiya ne, kuma mutanensu suna kiran ginin da sunan wani malami ɗan ƙasarsu da ya tare a ciki tun shekarun 1970. Shi ne ya riƙa saukar da sababbin zuwa a ɗakinsa, yana nema musu aiki da wurin zama, har ginin ya cika da su. Duk Bahaushen da ya karanta labarin ya gane mutumin nan take, mai gida ne.

Bincike ma ya tabbatar da abin da ƴan zango suka daɗe da sani, ya kuma ƙara musu gargaɗi. Mark Granovetter ya tambayi ma'aikata a garin Newton na Amurka yadda suka sami aikinsu, ya wallafa sakamakon a farkon shekarun 1970. Fiye da rabinsu ta hanyar wani mutum suka samu. Abin mamakin shi ne yawancin waɗannan mutanen ba aminai ba ne, sanin shanu ne, waɗanda ake haɗuwa da su jefi-jefi. Dalilin a fili yake, amininka abin da ka sani shi ma ya sani. Ɗan ƙauyenku mai sayar da ruwa a kura zai sama maka kura, shushaina zai sama maka akwatin shushaina, kuma bayan shekara goma kana nan. Wanda zai fitar da kai daga da'irar shi ne mutumin da ke wajenta, ɗan garin da ya yarda ya miƙo hannu. Wannan shi ne hikimar da ke cikin abin da aka yi a Madina, domin an haɗa baƙon ne da ɗan gari mai gona da dangi da suna.

Ba Musulunci kaɗai ya kai nan ba. Malamin Yahudawa Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya jera sadaka hawa takwas, ya sa mafi ɗaukaka ita ce ka ba mutum rance, ko ka yi tarayya da shi a kasuwanci, ko ka sama masa aiki, don kada ya kai ga roƙo. Duk ukun suna da abu guda, mai bayarwa yana iya yin asara. Bafalsafen Jamus Immanuel Kant kuwa, a 1795, ya tsaya a matakin ƙasa, ya ce haƙƙin baƙo shi ne kada a tarbe shi da gaba, amma zama sai da yardar masu gari. Ƙasashe sun fi son ra'ayin Kant, kuma ko shi ba kullum suke cikawa ba. Ghana ta kori baƙi marasa takardu a ƙarshen 1969, mutanen zango da yawa suka bar gidajen da aka haife su a ciki. Najeriya ta yi irin nata a farkon 1983, ƴan Ghana wajen miliyan guda suka kwashe kayansu a jakar da har yau take ɗauke da sunan wannan korar.

To, wajibi ne ko falala? A kan mutum ɗaya, da wuya a ce wajibi ne. Shari'a ba ta tilasta wa kowa ya yi lamunin wanda bai sani ba, kuma tsoron masu ƙi ba na banza ba ne. Kusan kowace unguwa tana da labarin dattijon da ya tsaya wa yaro, yaron ya gudu da babur, aka kai dattijon caji ofis. A wannan zamani na rashin tsaro ma an ƙara wani tsoron a kan na asarar kuɗi. Amma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ba ya faɗuwa daga kan jama'a. Wankan gawa da sallar jana'iza farilla ce ta kifaya, idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya ƙi, kowa ya yi laifi. Unguwar da ba za ta bar gawar baƙo ba sutura ba, bai kamata ta bar shi da ransa ba mai cewa ya san shi. Kuma sanin ba sai an yi shi da ka ba. Ƴar dattijon Madyana sai da ta ga aikin Musa kafin ta yi magana. Masallacin da baƙo ya yi wata biyu yana sallah a cikinsa, yana shara, ana aikensa yana dawo da canji, ya riga ya tara shaidar da zai iya tsayawa a kanta.

Saura maganar asara, kuma fikihu bai bar ta a buɗe ba. Muslim ya ruwaito cewa Ƙabisa bin Mukhariƙ ya ɗauki nauyin wani bashi don sasanta mutane, ya zo wurin Annabi, aka ce ya dakata har dukiyar sadaka ta iso a biya masa. Masu bashi suna cikin mutum takwas ɗin nan na Suratut Tauba, kuma malaman Shafi'iyya sun ambaci wanda bashi ya hau kansa ta hanyar lamuni a cikinsu, bisa sharuɗɗa. Wannan mas'ala ce da ta cancanci malamanmu na Malikiyya da hukumomin zakka na jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara su zauna a kanta. Kwamitin masallacin unguwa zai iya ajiye littafi, ya rubuta sunan baƙo da garinsu da wanda ya kawo shi, mutum uku ko huɗu su sa hannu tare maimakon ɗaya, a ware wani kaso na abin da ake tarawa ranar Juma'a don biyan mai babur idan an sami akasi, a kuma sa wa'adi, wata shida ko shekara, wanda bayansa yaron ya tsaya da sunansa, ba ya bin kowa, ba a bin sa. Sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da Kumasi sun daɗe suna yin wani abu mai kama da haka da baki. A kasuwar Mile 12 ta Legas kuwa, motar tumatir ta gobe ta riga ta baro Zariya.